Ajiyar da Bakomai Ya Bari

A maɗaba'ar da nake aiki ba mai kiransa da sunansa na yanka. Malam Kwafi kowa ke ce masa, daga manaja har mai gadi, shi ma ya daɗe da daina ƙorafi. Shi ke kula da kwamfutocin gidan. Ofishinsa wani lungu ne a bayan ɗakin injin yankan takarda: tebur ɗaya, kujera mai karyayyen hannu, fanka mai ƙara, da wayoyi a nannaɗe rataye jikin ƙusa. Siriri ne, furfura ta fara cin gefen kansa, ba ya son hayaniya. In ka gaishe shi da safe, kafin ya tambayi iyalinka zai ce, "Aikin jiya, ka yi masa kwafi?"

Yana saurayi ya fara aiki a nan. Shekararsa ta farko rufin kwano ya yi yoyo a ƙarshen mako, ruwa ya zuba kan kwamfutar da ke ɗauke da littattafan makaranta da aka yi wata da watanni ana bugawa. Da aka buɗe ofis, ya tarar da matar da ta buga su zaune a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa, ko kukan ta kasa. Ya ce tun daga ranar bai sake yarda da abu guda a wuri guda ba.

Amininsa kuwa, duk duniya ba wanda ya yi hannun riga da shi kamarsa. Ƙato ne mai tumbi, mai dariya da dukan ƙirji. Komai aka faɗa masa amsarsa ɗaya ce, har ta zame masa suna: Bakomai. A makarantar koyon sana'a suka haɗu, suka yi zaman ɗaki ɗaya, katifa ɗaya, dutsen guga ɗaya. Kwafi zai goge rigarsa ya rataye, ya fito daga wanka ya tarar Bakomai ya sa ta ya fice. Shekara ɗaya suka yi aure. Daga baya Bakomai ya sami aikin kula da kwamfutoci a wani kamfanin sufuri a gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, ya kwashe iyalinsa ya koma can.

Nisan ne ya ba Kwafi dabara. Kowannensu yana da tsohuwar kwamfuta a gida da ba ta aikin komai. Kwafi ya ce su mayar da su ma'ajiya: hotunan yara, takardun gida, muryoyi, duk abin da mutum ba ya son rasawa, nasa ya tafi gidan Bakomai, na Bakomai ya zo gidansa. In gobara ta ci gida ɗaya, ɗayan yana nan. Ya tsara abin yadda kullum da tsakar rana na'urar za ta tattara sabbin kaya, ta kulle su ta ɓad da kamarsu tun kafin su bar gida, ta riƙa zuba su ta intanet kai tsaye zuwa can. Wanda ke riƙe da ajiyar ba ya ganin komai sai tarin haruffa marasa kan gado. Kuma kowanne ya buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa a na'urarsa, amma ƙofa mai ƙunci.

Shi da kansa ya ba ni labarin wayar da suka yi ranar.

"To in na shigo na'urarka, me zan iya yi?" in ji Bakomai.

"Ka ajiye kaya ka fita."

"Ko leƙe?"

"Ko leƙe. Ba ka gogewa, ba ka ɗauka, ba ka ba ta wani umarni. Abu ɗaya ƙofar ta sani. Ranar da ka buƙaci kayanka, ka kira ni in miƙa maka."

"Wato ɗan aike ka mayar da ni, a miƙa ta taga a juya. Ni da na san munsharinka kamar karatu, ni ne ba ka yarda da ni ba?"

"Da kai na yarda. Ɓarawon da zai shiga kwamfutarka ne ban yarda da shi ba. In ya biyo ta ƙofarka, kada ya sami abin da zai ɓata. Ni ma haka zan zama a wurinka."

"Ba komai."

Sannan Kwafi ya yi masa huɗuba a kan kalmar sirrin da ke kulle kayan. Ta zama doguwa. Kada ta zama sunan mata ko na ɗa ko ranar haihuwa. Kada a rubuta ta a ko'ina. Kada a faɗa wa kowa.

"Har kai?"

"Har ni."

Bakomai, wanda bai taɓa bin shawarar Kwafi ba a rayuwarsa, sai ya bi wannan.

Kwafi yana da 'ya'ya mata biyu da namiji ɗaya, shi ne babba. Bakomai ne ya laƙaba masa Injiniya tun yana rarrafe, don ba abin da zai shiga hannunsa ya fita da rai, rediyo ne ko agogo. Yaron ya tashi ya fi shaƙuwa da Bakomai fiye da ubansa. Uban doka, abokin uban wasa. Da ya gama karatu ya sami aiki a ɗaya gefen garin, ya nemi a saya masa babur, Kwafi ya ce atafau, motar haya ba ta kashe kowa ba. Bai san yaron ya kai ƙara wurin babansa na can ba. Ranar wani hutu sai ga Bakomai a ƙofar gida da motar kamfaninsu, an ɗaure sabon babur a baya, ja, ko ledar kujera ba a cire ba.

Kwafi ya ja shi gefe ya ce, "Na ce a'a. Ka san na ce a'a."

"Haba, mutum ya girma. Ka bar shi ya sha iska. Ba komai."

Ba a rufa shekara ba. Da safe ne, a shataletalen da ke kusa da kasuwa, babbar mota ta ƙwace wa direbanta, ta afka wa babur ɗin. Injiniya ya kai asibiti da ransa, ya yini, bai farfaɗo ba. Bakomai na jin labari ya kamo hanya, ya iso washegari, riga a jiƙe da gumi, ido jawur. A barandar asibitin ya tarar da Kwafi zaune a benci, an riga an ja wa yaron mayafi. Ya miƙa hannu zai dafa shi. Kwafi ya ɗago ya dube shi, a gaban matansu da duk wanda ke wurin, ya ce, "Ka zo ganin aikinka? Faɗa mini mana. Ce mini ba komai."

Bakomai ya janye hannunsa.

"Kai ka kashe mini shi. Kada in sake ganin ƙafarka a gidana."

Bakomai ya tsaya har aka binne yaron, daga nesa, bayan jama'a. Sannan ya koma. Ya kira waya, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, wata da watanni yana kira. Ya aiko matarsa, Kwafi ya gaishe ta a tsaye ya fita. Daga nan wayar ta yi shiru.

Mu da muke aiki da shi mun ga yadda ya koma. Ba ya makara, ba ya fashi, aikinsa bai taɓa samun tangarɗa ba. Amma ya daina zama da mu lokacin cin abinci. In masinja ya tayar da babur a tsakar gida, sai ya tashi ya rufe taga.

Abin da ba mu sani ba sai daga baya shi ne, ajiyar ba ta tsaya ba. Kullum da tsakar rana kayan Kwafi na tafiya, ƙofar can na karɓa. Kayan Bakomai na zuwa, ƙofar nan na karɓa. Rufe ta aikin layi ɗaya ne, gogewa kawai. Kwafi ya ce ya taɓa zama gaban na'urar a ɗakin ajiyar shirgi na gidansa, tsakanin tsohon keken ɗinki da akwatunan matarsa, ya buɗe fayil ɗin, ya kai yatsa, ya yi ta kallon layin. Matarsa ta leƙo ta ce abinci na hucewa. Ya rufe ya tashi.

Ba ya iya ganin abin da ke cikin kayan, amma yana ganin girmansu. Yawancin ranaku ɗan kaɗan ne. Wata rana sai ga kaya mai nauyi, ya ɗauki yini yana shigowa. Sai Kwafi ya ce a ransa, an yi biki ke nan, ko babbar 'yarsa ce ta yi aure. Bayan shekara wani mai nauyin ya sake zuwa, ya ce to, an haihu. Da faifan ajiyar ya kusa cika, ya sayo babba ya sa, bai gaya wa kowa ba.

Matarsa ce kawai ke iya taɓa maganar.

"Baban yara, mutumin nan fa shi ma ɗansa ya rasa. Kai ka san haka."

"Na sani."

"To kira shi."

"In ce masa me?"

"Ka ce masa sannu. Shi zai ƙarasa sauran, ai ka san bakinsa."

Fushin ya daɗe da fita daga zuciyarsa. Kunya ce ta maye gurbinsa, kuma ta fi fushin nauyi. Kullum yana cewa bari ya sami ranar da ta dace. Shekaru suka yi ta wucewa. 'Yan matansa suka yi aure, bai aika wa Bakomai ba.

Sai wata rana ya dawo daga aiki ya tarar ba abin da ya shigo. Ya ce wuta ce aka ɗauke a can. Washegari ma shiru. Nasa kayan kuma suka daina tafiya, na'urar ta rubuta cewa ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba. Mako ya wuce, wata ya wuce. A wannan lokacin ne na ga ya rame, na tambaye shi ko lafiya, ya ce mini, "Wani ne ya rufe mini ƙofa. Ya yi haƙuri da ni da yawa ma." Ban gane ba, ban kuma matsa ba.

Ina ofishinsa ina jiran ya gyara mini firinta ranar da mai gadi ya shigo da wata matashiya, goye da jariri, ta riƙe jakar leda. Ta tsaya bakin ƙofa tana dubansa. Shi ma ya dube ta. Faɗin fuskar da girar duk na ubanta ne.

"Baba, ina wuni. Ba ka gane ni ba. Auta ce."

Autar Bakomai. Rabonsa da ita tana 'yar firamare. Ya miƙe, sukundireban da ke hannunsa ya faɗi ƙasa.

"Yaya babanki?"

Ta sunkuyar da kai. Ciwon maƙogwaro ne, ta ce. Ya daɗe yana jinya, ya hana a gaya wa kowa a nan. Bayan rasuwarsa kamfanin ya nemi gidansa, suka kwashe kaya, a wajen lodi kwamfutar ta suɓuce daga mota ta daki ƙasa. Ta kai wa masu gyara har wuri uku, duk sun ce faifan ya mutu. Ta buɗe ledar ta nuna masa shi, gefensa a lotse.

"Mama ce ta ce in zo. Ta ce ya sha faɗa mata, duk abin da ya faru, komai nasa yana wurinka."

Kwafi ya zauna a hankali.

Auta ta ci gaba. Da likita ya gaya masa muryarsa za ta tafi kafin shi, sai ya riƙa shiga ɗaki yana rufe ƙofa yana magana gaban kwamfutar. A lokacin tana ɗauke da cikin yaron nan. Ya ce mata jikansa ba zai san shi ba, to aƙalla ya san muryarsa. Takan jiyo shi ta bayan ƙofa, wani lokaci yana dariya shi kaɗai, wani lokaci shiru mai tsawo. Ba wanda ya saurara, ya ce sai bayan ransa.

"Hotunan ma duk suna ciki. Amma ni muryar nake so, Baba. Na fara manta yadda yake kiran sunana."

Kwafi ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ya ambace ni?"

Yarinyar ba ta yi masa ƙarya ba. "A gabanmu bai taɓa ba. In Mama ta kawo maganarka sai ya tashi. Amma na'urar nan, ba mai taɓa ta. Batir ya saya mata na musamman. Ko firij ya mutu, ita tana kunne. Yana kwance ba ya iya tashi, in rana ta take sai ya yi mini nuni da hannu in je in duba ko fitilarta na ƙiftawa."

Ya kai ta gida. Matarsa ta rungume ta suka yi kuka, ta kwance jaririn ta goya shi da kanta. Auta ta yi kwanaki a wurinsu. Kayan suna nan cif, tun daga ranar farko har ta ƙarshe, ba abin da ya ɓata. Kwafi ya nuna mata jerin a fuskar kwamfuta, ya nuna mata inda kayan suka fara nauyi a watannin jinya. Muryar ke nan, ya ce. Ga ta nan. Sai dai na'urar ta tsaya tana jiran kalmar sirri.

"Bai gaya miki ba?"

"A'a."

"Mamanki fa?"

"Ta ce ta taɓa tambayarsa, ya yi dariya ya ce malaminsa ya hana."

Suka fara gwadawa. Sunan matarsa, na 'ya'yansa, na unguwar da ya tashi, lambar motarsa ta farko. Auta na kiran uwarta a waya tana tambayar abin da ya fi yawan faɗa, waƙar da yake rerawa in yana aski, zagin da yake wa direbobin kamfani. Kwafi ya tono abubuwan zamanin makaranta, laƙabin malamin lantarki, sunan mai shagon da ke ƙasan ɗakinsu. Ya rubuta ba komai a haɗe, a rabe, da manyan haruffa, da ƙanana. Kowane gwaji na'urar takan ɗan yi jim, sannan ta ce ba daidai ba.

Rana ta uku Auta ta fita shanya kayan jariri. Kwafi ya dubi ƙofa, ya rubuta Injiniya. Ya yi kuskure ya goge ya sake. Ya haɗa da shekarar haihuwar yaron. Ya haɗa da ranar da ya rasu. Ba daidai ba. Ya ce mini har yau bai san abin da ya fi so a lokacin ba, ta buɗe ko kada ta buɗe.

Auta ta tambaye shi ko ba a iya fasawa. Ta ji ana cewa akwai masu iya fasa komai.

"Ba wannan ba, 'yata. Ni na zaɓo kullen. Na nemo wanda ba ya fasuwa."

Ta ce, "To ai shi ke nan," ta shiga ɗaki. Ya jiyo ta tana lallashin yaron.

Ya kwafe kayan a kulle a sabon faifai, ya naɗe a tawul, ya ɗauki hutu ya raka ta gida. Uwarta ta koma zama wurin ƙanenta, a ɗaki ɗaya, kwalaye jibge har rufi. Ta tsufa fiye da shekarunta. Kwafi ya durƙusa bakin ƙofa ya yi mata gaisuwa. Ta amsa, ta sa aka kawo masa ruwa. Ya fara cewa, "Ni dai abin da na faɗa a asibiti…" ta ɗaga hannu.

"Ba ni ka faɗa wa ba, Malam. Wanda ka faɗa wa ya jira ka. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ya ɗaga labule." Ta gyara zama. "Ban riƙe ka ba. Amma ba ni da abin da zan ba ka."

Auta ta kai shi makabarta da la'asar. Ta tsaya daga waje. Ta ce ya daɗe a ciki, kuma da ya fito gwiwoyin wandonsa duk ƙasa.

Da ya dawo aiki ya canza tsarin maɗaba'ar. Kalmar sirrin ajiyar kamfani, wadda shi kaɗai ya sani tsawon shekaru, ya kira manaja da ni ya sa muka haddace a gabansa. A gida ya zaunar da matarsa ya koya mata tasa, harafi bayan harafi, tana cewa ita kanta ba ya ɗaukar irin wannan, yana cewa zai ɗauka. Da ta iya, abin da ta fara buɗewa hotunan ɗanta ne. Shi ya fita tsakar gida.

Bara ya yi ritaya. Auta na kiransa duk ƙarshen mako, ta kara wa yaron waya a kunne ya ce Kaka. Kwanan baya na kai masa ziyara, muna zaune a baranda yana zuba mini shayi, ina ba shi labarin sabon injin da aka kawo wanda ke cin takarda kamar akuya. Ya yi murmushi, sai kuma ya tsaya da butar a hannu. Ya ce wata rana suna makaranta Bakomai ya taɓa faɗin magana mai kama da wannan a kan wani malami. Ya ajiye butar ya ce in ba shi minti ɗaya, ya shiga ciki. Na jiyo ƙarar maɓallai. Matarsa ta fito da faranti, ta dube ni ta girgiza kai, ta ce haka yake yi, da ya tuna wata maganar Bakomai sai ya je ya gwada ta a na'urar, ko a tsakiyar cin abinci.

Ya fito ya zauna. Daga fuskarsa na gane wannan ma ba daidai ba ce. Ya taɓa kofina ya ce ya huce, ya zubar ya sake zuba mini wani.